Carl Dreyer: Marayan da ya mai da zaman iyali jigon finafinansa

A watan Satumba na shekarar 1955 ne alƙalan bikin baje kolin finafinai na birnin Venice da ke ƙasar Italiya suka miƙa babbar lambar yabonsu, wato Zakin Zinare, ga wani fim mai launin fari da baƙi da aka shirya da harshen Danmak, harshen da masu magana da shi ba su wuce kimanin miliyan 6 ba ko a yau.

Sunan fim ɗin Ordet, ma'ana Kalma. Kusan dukkan abin da ke cikinsa ya faru ne a ɗakunan gidan wani manomi, tsakanin uba da 'ya'yansa maza uku da surukarsa mai juna biyu. Duk da haka har gobe masana harkar fim na lissafa shi cikin finafinai mafiya tasiri da aka taɓa yi a duniya.

Wanda ya ba da umarninsa, Carl Theodor Dreyer, yana da shekaru 66 a lokacin, kuma wannan ne dogon fim ɗinsa na farko cikin shekaru 10. Mutum ne da ya tashi bai san ɗumin uwa ba, ya kuma ƙare rayuwarsa yana nazarin abin da ke faruwa a cikin gida idan an rufe ƙofa.

Haihuwa da maraici

An haifi Dreyer ne ranar 3 ga watan Fabrairu na 1889 a birnin Kopenhagen. Mahaifiyarsa, Josefine Nilsson, 'yar ƙasar Suwidin ce da ke aikin kula da gida a gonar wani mutumin Danmak mai suna Jens Christian Torp, a kudancin Suwidin. Mai gonar, wanda ke da iyalinsa, shi ne ya yi mata ciki ba tare da aure ba. Domin gudun abin kunya sai ta tsallaka teku zuwa Kopenhagen ta haihu a ɓoye, ta bar jaririn a can, ta koma.

Yaron ya shafe kusan shekaru 2 yana yawo daga hannun wannan mai riƙo zuwa wancan, kafin wani ma'aikacin maɗaba'a mai jera haruffa da matarsa su karɓe shi. Sunan wannan ma'aikaci Carl Theodor Dreyer, kuma shi ne sunan da aka laƙaba wa yaron baki ɗaya.

A watan Janairu na 1891 mahaifiyarsa, wadda ta sake samun wani cikin ba tare da miji ba, ta haɗiyi sinadarin da ke kan ashana da nufin zubar da shi. Gubar ta yi ajalinta. A lokacin ɗanta bai cika shekaru 2 ba.

Gidan da ya tashi bai rasa abinci da sutura ba, amma ya rasa sakin fuska. Ya girma ana yi masa gorin ci da sha, ana tuna masa cewa mahaifiyarsa ta mutu ba ta biya kuɗin riƙonsa ba. Da ya kammala makaranta, tun bai kai shekaru 18 ba, ya bar gidan, kuma zumunci bai sake ƙulluwa tsakaninsu ba. Bayan haka ne ya bi sawun asalinsa har Suwidin, inda ya gano yadda mahaifiyarsa ta rayu da kuma yadda ta mutu.

Wani marubuci ɗan Faransa, Maurice Drouzy, wanda ya wallafa tarihin Dreyer a 1982, ya kafa hujjar cewa wannan rauni ne ke ƙarƙashin akasarin ayyukansa: mace da ke ɗauke da nauyin laifin da ba ita kaɗai ta aikata ba, da kuma maza masu iko da ke yanke mata hukunci. Ba dukkan masana ne suka yarda a fassara kowane fim nasa da wannan ma'auni ba, to amma da wuya mai kallo ya bi ayyukan nasa a jere bai lura da maimaituwar wannan jigo ba.

Daga jarida zuwa fim

Aikinsa na farko na kirki shi ne akawu a wani babban kamfanin wayar tangarahu. Bai jima ba ya ajiye, ya koma aikin jarida, inda ya yi rubutu a manyan jaridun Kopenhagen irin su Berlingske Tidende da Politiken da Ekstra Bladet. Ya yi fice wajen ba da rahoton zirga-zirgar jiragen sama, wadda a lokacin take sabuwar aba, har shi kansa ya riƙa tashi cikin balan-balan. A 1911 ya auri Ebba Larsen, wadda suka zauna tare har ƙarshen ransa, suka kuma haifi 'ya'ya biyu.

A waɗannan shekaru Danmak na cikin ƙasashen da ke kan gaba a sana'ar fim, albarkacin kamfanin Nordisk Film da aka kafa a 1906. Dreyer ya shiga kamfanin a 1913. Da yake finafinan zamanin ba su da murya, aikinsa na farko shi ne tsara gajerun rubuce-rubucen da ake nunawa tsakanin hotuna domin mai kallo ya fahimci abin da ake faɗa. Daga nan ya koma rubuta labari da tace hoto, har aka ba shi damar ba da umarni.

Fim ɗinsa na farko, Præsidenten, ya fito a 1919. Labari ne na wani babban alƙali da aka gurfanar da wata budurwa a kotunsa bisa zargin kashe jaririnta, sai ya gano cewa 'yarsa ce da ya haifa ba da aure ba, ya kuma watsar da mahaifiyarta. Bayansa Dreyer ya yi ayyuka a Suwidin da Norwe da Jamus, ciki har da wani fim na 1922 a kan kisan gillar da aka yi wa Yahudawa a Rasha.

Maigida da uwargida

A 1925 ya fito da fim ɗin da ya fara ɗaga sunansa a waje, Du skal ære din hustru, wanda ma'anarsa umarni ne ga miji da ya girmama matarsa.

Viktor magidanci ne da kasuwancinsa ya karye, sai ya juye fushinsa a kan iyalinsa. Matarsa Ida na tashi tun asuba ta hura wuta, ta goge masa takalmi, ta kankare man shanun da ke kan burodinta ta ƙara a nasa, amma ba ya ganin komai sai kuskure. Da lafiyarta ta gaza, sai mahaifiyarta da wata tsohuwa mai suna Mads, wadda ita ta yi renon Viktor yana yaro, suka ɗauke ta daga gidan a ɓoye. Tsohuwar ta karɓi ragamar gidan, ta sa shi ɗauko gawayi da kula da jariri da shanyar kaya, har ya san darajar abin da yake rainawa.

Dreyer ya sa an gina masa cikakken gida mai ɗakuna biyu a wurin ɗaukar fim, da murhu mai ci da famfo mai zuba, domin 'yan wasan su yi aikin gida na gaske a gaban kyamara. Masu kallo, musamman a Faransa, sun ga rayuwar gidajensu a ciki. Karɓuwar da fim ɗin ya samu a birnin Paris ce ta sa wani kamfanin Faransa ya gayyace shi ya yi masa babban fim.

Nasara da durƙushewa

Abin da ya zaɓa shi ne shari'ar Jeanne d'Arc, budurwar da ta jagoranci mayaƙan Faransa, wadda wata kotun coci ta yanke wa hukunci aka ƙone ta a birnin Rouen a 1431. Ya dogara da ainihin kundin shari'ar, ya hana 'yan wasa kwalliyar fuska, ya kuma matso da kyamara dab da fuskokinsu, musamman ta jarumar, Renée Falconetti. Fim ɗin ya fito a 1928.

Masu sharhi sun yaba, amma kuɗi bai dawo ba. Masu tace finafinai sun yanke wasu sassa, sannan gobara ta cinye asalin faifan a birnin Berlin. Sai a 1981, shekaru 13 bayan mutuwarsa, aka tsinci cikakken kwafi a ma'ajiyar wani asibitin masu taɓin hankali da ke kusa da birnin Oslo. A ƙuri'ar da mujallar Sight and Sound ta Birtaniya ta gudanar tsakanin masu sharhi a 2012, fim ɗin ya zo na 9 a jerin finafinan duniya.

Fim ɗinsa na farko mai murya, Vampyr, ya fito a 1932, shi ma ya faɗi a kasuwa. Dreyer ya kwanta jinyar ruɗewar tunani a Faransa, kana ya koma gida. Masu zuba jari sun ɗauke shi a matsayin mutum mai tsada, mai taurin kai. Shekaru 11 ya yi bai fitar da dogon fim ba. Ya koma aikin jarida, yana zama a kotun birnin Kopenhagen yana rubuta wa jaridar B.T. labarin ƙananan shari'o'in talakawa.

Zamanin mamaya

Sojojin Jamus sun mamaye Danmak ranar 9 ga watan Afrilu na 1940. Da shigo da finafinan waje ya ragu, sai ƙofa ta sake buɗewa ga 'yan gida. A 1942 aka ba Dreyer aikin wani gajeren fim a kan hukumar tallafa wa iyaye mata. Labarin wata budurwa ne da ta yi ciki ba miji, ta samu inda aka saurare ta, aka taimaka mata ta haihu lafiya. Irin wannan taimako ne mahaifiyarsa ba ta samu ba shekaru 50 kafin nan.

A 1943 ya fito da Vredens Dag, wato Ranar Fushi. Labarin ya faru ne a 1623, zamanin da ake farautar mayu a Turai. Wata matashiya mai suna Anne na auren wani tsohon limamin coci, tana zaune ƙarƙashin uwar miji da ba ta ƙaunarta. Sai zuciyarta ta karkata ga ɗan mijin nata. Da tsohon ya faɗi ya mutu, uwar mijin ta zarge ta da maita a gaban gawarsa, saurayin ya juya mata baya, ita kuma ta amsa laifin. Da dama sun ɗauki fim ɗin a matsayin habaici ga zaluncin 'yan mamaya, ko da yake Dreyer ya musanta cewa wannan ce manufarsa. Jim kaɗan bayan fitowarsa ya ƙetara zuwa Suwidin, inda ya zauna har yaƙi ya ƙare.

Bayan yaƙin ya ci gaba da gajerun finafinai na gwamnati. Sai a 1952 hankalinsa ya kwanta ta fuskar abin masarufi, lokacin da aka ba shi lasisin gudanar da gidan silima na Dagmar a Kopenhagen, wata hanya da hukuma ke bi a lokacin domin tallafa wa waɗanda suka yi wa sana'ar hidima.

Labarin gidan Borgen

Asalin Ordet wasan kwaikwayo ne da Kaj Munk, limamin cocin ƙauyen Vedersø da ke yammacin yankin Jutland, ya rubuta a 1925. Dreyer ya kalle shi a dandali a 1932, ya kuma riƙe shi a ransa fiye da shekaru 20. Shi Munk ɗin 'yan sandan ciki na Jamus ne suka ɗauke shi daga gidansa suka harbe shi ranar 4 ga watan Janairu na 1944, saboda wa'azin da yake yi na adawa da mamaya. A yankin nasa aka ɗauki hotunan waje na fim ɗin.

Morten Borgen dattijo ne mai gona, mai riƙo da addini, mai kuma girman kai. Babban ɗansa Mikkel mutumin kirki ne amma ya rasa imani. Na biyu, Johannes, an tura shi karatun addini, zurfafa cikin littattafan masanin falsafa Søren Kierkegaard ya taɓa masa hankali, har ya dawo gida yana ɗaukar kansa a matsayin Annabi Isa. Autan, Anders, na son auren Anne, 'yar wani tela mai suna Peter.

A nan rikicin yake. Dattijon da telan duk Kiristoci ne mabiya cocin Luther, amma kowa da tafarkinsa. Morten na bin koyarwar Grundtvig, wadda ke kallon addini a matsayin haske da farin cikin rayuwa. Peter kuwa ɗan ƙungiyar Indre Mission ne, masu tsananta tuba da gudun duniya. Kowannensu na ganin ɗan'uwansa a ɓace yake, kuma babu mai son haɗa zuri'a da ɗayan.

Wadda ke riƙe da gidan ita ce Inger, matar Mikkel, mai 'ya'ya mata biyu da tsohon ciki. Ita ke dafa wa surukinta kofi, ta lallashe shi, ta yi haƙuri da majinyacin, ta kuma kare mijinta idan an zarge shi da rashin imani. Ta ma yi wa dattijon alkawarin jika namiji idan ya amince da auren Anders.

Da Morten ya ji cewa telan ne ya fara ƙin ɗansa, sai zuciya ta ɗebe shi ya tafi neman auren da kansa. Suna cikin sa-in-sa aka bugo waya cewa naƙuda ta zo wa Inger da gardama. Telan ya nuna cewa in har wannan jarrabawa za ta karya girman kan Morten, to ko da ran Inger ne ta zo. Dattijon ya shaƙe shi, aka raba su.

A daren likita ya sadaukar da jaririn, wanda namiji ne, domin ceton uwar. Ya fito ya ba da tabbacin cewa ta tsira, ya sha kofi, ya shiga motarsa. Bai yi nisa ba ta cika. Anders ya tsai da agogon bango. Johannes ya fice ta taga ya ɓace.

Ranar jana'iza telan ya zo da nadama, ya miƙa 'yarsa ga Anders a gaban akwatin gawar. Ana shirin rufewa sai ga Johannes ya dawo cikin hankalinsa. Ya zargi mutanen gidan da cewa duk cikinsu babu wanda ya yi tunanin roƙon Allah Ya dawo da ita. 'Yar marigayiyar, Maren, ita kaɗai ta gaskata shi, ta kama hannunsa. Ya yi addu'a bisa aƙidarsa ta Kirista, ya kira sunan Inger. Ta motsa, ta buɗe ido, ta tambayi jaririnta, ta rungumi mijinta. Anders ya sake tayar da agogon.

Abin da ke jan masu kallo

Fim ɗin ya ɗan haura sa'o'i 2, amma ɗauka 114 kacal ya ƙunsa, alhali finafinan zamaninsa kan ƙunshi ɗaruruwa. Kyamarar Henning Bendtsen na bin mutane a hankali daga kujera zuwa ƙofa, wani lokaci na tsawon mintuna ba tare da yankewa ba. Dreyer ya rage kaso mai yawa na maganganun da ke cikin wasan Munk. Ya sa an cika ɗakin girki da kaya kamar na kowane gida, sannan ya bi yana cire su ɗaya bayan ɗaya har sai da 'yan kaɗan suka rage. Jarumar da ta fito a matsayin Inger, Birgitte Federspiel, tana da ciki na gaske a lokacin ɗaukar.

Sakamakon wannan tsari shi ne mai kallo na zama tamkar ɗan gida. Yana jin ƙarar agogo da kukan dabbobi da iskar da ke kaɗa shanya. Kafin masifar ta zo ya riga ya san wurin zaman kowa da halin kowa, saboda haka rashin Inger na taɓa shi kamar yadda ya taɓa su.

Haka kuma Dreyer bai mai da kowa mugu ba. Dattijon na da gaskiyarsa, telan na da tasa. Likitan da ya dogara da iliminsa da sabon limamin da ke ganin zamanin mu'ujiza ya wuce, duk mutane ne masu hankali. Tambayoyin da ke gaban iyalin kuwa kowace al'umma ta san su: ko saɓanin fahimta tsakanin mabiya addini ɗaya ya isa ya hana aure, yadda gida ke zama da ɗa mai taɓin hankali, matsayin matar da ba a ganin aikinta sai ranar da babu ita, da abin da ya rage na imanin mutum idan mutuwa ta shigo ɗakinsa.

Ƙarshen fim ɗin ya raba kan jama'a tun ranar da aka fara nuna shi, 10 ga watan Janairu na 1955. Wasu na ganin mu'ujizar ta wuce hankali. Wasu kuma, ciki har da waɗanda ba su bin kowane addini, sun amince cewa ta girgiza su, domin Dreyer bai yi amfani da wata dabarar hoto ko kiɗa ba, ya nuna ta ne da natsuwar da ya nuna shan kofi. Masu bin fassarar Drouzy kuwa na jan hankali ga cewa mutumin da ciki ya kashe mahaifiyarsa shi ne ya tsara yadda uwar da haihuwa ta kashe ta dawo saboda roƙon 'yarta. Baya ga Zakin Zinare, fim ɗin ya samu lambar Golden Globe a Amurka a 1956.

Shekarun ƙarshe

Sai bayan shekaru 9 ya sake fitowa da wani fim, Gertrud, labarin matar da ta bar mijinta ɗan siyasa saboda ta ƙi amincewa da soyayyar da aka raba da neman muƙami, ta kuma tsufa ita kaɗai. Da aka nuna shi a Paris a watan Disamba na 1964, masu sharhi sun yi masa ca saboda tafiyar hawainiyarsa. Daga baya ra'ayi ya sauya, har ya samu lambar Bodil ta Danmak a 1965.

Babban burinsa shi ne fim a kan rayuwar Annabi Isa, wanda ya fara rubutawa tun ƙarshen shekarun 1940, har ya koyi harshen Ibrananci dominsa. Alkawarin kuɗin ya zo ne a watanninsa na ƙarshe. Ya rasu ranar 20 ga watan Maris na 1968 a Kopenhagen yana da shekaru 79, bai fara ɗauka ba.

Dogayen finafinai 14 ya bari cikin kusan shekaru 50 na aiki. Ɗan ƙasarsa Lars von Trier ya ɗauki labarin Medea da Dreyer ya rubuta bai samu yi ba, ya shirya shi a 1988. Darakta ɗan Meziko Carlos Reygadas ya rufe fim ɗinsa Stellet Licht na 2007 da tashin wata mata daga makara, abin da masu sharhi suka danganta kai tsaye da Ordet. A 2006, da ma'aikatar al'adu ta Danmak ta fitar da jerin ayyukan da take ganin su ne ginshiƙin al'adun ƙasar, an ware wa fim gurabe 12, kuma biyu daga ciki na Dreyer ne: labarin Ida da mijinta na 1925, da na Anne da uwar mijinta na 1943.